Dokar Mai Tuta

Juma'ar farko ta watan Muharram ce, a ƙarshen shekarar 2013, alhazai sun watse, Makka ta samu ta numfasa. Ina aji biyar na firamare a lokacin. Bayan La'asar muka hau saman benen da muke haya a unguwar Shisha kamar yadda muka saba duk Juma'a, ni rungume da gwangwanin biskit ɗin da sojoji suke kwana a ciki, yayana Faisal da tabarma a kafaɗa, kakanmu a baya yana takowa a hankali yana dafa bango. Sidi muke ce masa, yadda yaran Makka suke kiran kaka, shi kuma Uwata yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa na ci. Muka shimfiɗa wani tsohon yadi ruwan ƙasa a inuwar tankin ruwa, muka jera tuddai da soson kafaɗar kwat, muka ja wani siririn ƙyalle shuɗi a tsakiya ya zama kogi. Sojoji masu jan kaya suka tsaya a ɓangaren Faisal, masu shuɗi a ɓangaren Sidi. Ja ne ya fara tafiya, domin a gidanmu ja ke farawa. Ni aikina riƙe hula da tef ɗin awo, da kuma sa baki a abin da ba a tambaye ni ba.

Wanda bai taɓa ganin wasan nan ba zai ɗauka shirme ne, kuma maƙwabtan da suke hawowa shanya haka suka ɗauka. Sojojin dalma ne, kowanne bai wuce gaɓar yatsa biyu ba, an manna su uku-uku a kan 'yan kwalaye. Akwai masu baka, akwai masu mashi da garkuwa, da mahaya, da mai tuta guda ɗaya a kowace runduna. Yaƙin mutanen da can ake kwaikwayo, tun kafin bindiga. Kowa ya matsar da nasa iya tazarar da doka ta yarda, a auna da tef, in an gwabza a ja ƙuri'a a ga wanda ya yi rinjaye. Sidi tela ne, shagonsa yana unguwar Mansur tun Abbanmu yana goye. Da ƙuruciyarsa ya yi ɗinkin kayan ma'aikata a Jidda, a can ne wani injiniya Bature da zai koma ƙasarsu ya bar wa aminin Sidi, Malam Ɗahiru, sojojin da littafin dokokinsu. Malam Ɗahiru ne ya iya Turanci, shi yake karantawa yana fassarawa, Sidi yana haddacewa, har ta kai ba sa buɗe littafin. Amma sai da suka gyara wa wasan zama kafin ya shigo gida. Suka goge fuskokin sojojin da magagari, suka jefar da ƙwayar lido, suka rubuta lamba a ƙwallon dabino guda shida ana zaro ɗaya daga hula. Akwai giwaye biyu a ƙasan gwangwanin, amma ban taɓa ganinsu a fagen fama ba. Sidi ya ce ba zai zama mutumin da ya shigo da giwa garin nan ba, ko da ta dalma ce.

Sun fi shekara talatin suna bugawa duk Juma'a a gidanmu na unguwar Tandabawi. Sai Malam Ɗahiru ya rasu, ba a rufa shekara ba kuma aka rushe layinmu za a yi sabon titi, muka kwashe kaya muka koma Shisha. Faisal ne ya gaji jajayen sojojin. A wannan shekarar yana da sha bakwai, Turanci ya fara shiga bakinsa, kansa kuma ya fara kumbura. Ta intanet ya haɗu da wasu samari a Jidda masu irin wasan, ɗaya ya ba shi aron littafin dokoki, ya kai aka yi masa fotokwafi aka ɗaure da baƙar roba. Ya kwafi bangon, ya tsallake 'yan shafukan da suke biye da shi don ba su da amfani a ganinsa, ya fara daga babi na ɗaya. Da Sidi ya ga hoton bangon, wani mutum da mashi da garkuwa, sai ya shafa shi ya ce, "Shi ne, littafin Ɗahiru ne." Ranar Juma'ar nan ce farkon hawan littafin saman bene.

Can wasa ya yi nisa, masu bakan Sidi suka sha kashi a bakin kogi, suka juya da gudu. Sidi ya karɓi tef a hannuna ya auna daga mai tutarsa zuwa inda suka tsaya, ya samu inci biyar. Ya juyo da fuskarsu, ko in ce inda fuskarsu take a da, ya ce mai tuta yana kusa, sun dawo sahu. Faisal ya ce a'a, wanda ya gudu ya gudu, a gwangwani zai kwana. Ya buɗe littafin ya karanta da Turancinsa mai ɗingishi, ya fassara mana da Larabci. Sidi ya ce in rundunar da ta karaya ba ta wuce inci shida daga mai tuta ba, tana dawowa, wannan dokar ya san ta tun uban Faisal bai fara azumi ba. Faisal ya yi dariya ya ce ai ko kalmar inci babu a littafin, duk santimita ne. Ya juya shafi bayan shafi yana nuna wa Sidi, kamar Sidi zai iya karantawa. Sannan ya faɗi maganar da har yau in na tuna masa yake sunkuyar da kai: "Ya Sidi, ashe shekara biyu kana cinye ni da dokar da ka ƙirƙiro."

Da mu uku ne kawai, da maganar ta ƙare a tsokana. Amma Abba ya hawo duba tanki, Umma tana bayansa da tiren shayi, kuma sun ji komai. Abba direban motar alhazai ne, bai daɗe da sauke gajiyar aikin hajji ba, ga kuma wani tsoro da yake ɗauke da shi wata biyu ke nan. Wata rana Sidi ya sauka daga tasi a gefen tsohuwar unguwarmu, ya kama hanyar da ya saba bi zuwa Mansur, ya tarar babu hanyar, babu masallacin da yake shan kwana a jikinsa, babu mai tanda da yake gaisawa da shi, sai shinge da motocin haƙa. Ya yi ta zagaye har Azahar, sai da wani mai shayi ya karɓi wayarsa ya kira Abba. Ni a ganina ko aljani aka sauke a wajen nan sai ya ɓata, amma wa ya tambaye ni? Tun daga ranar Abba yake cewa Sidi ya bar shago ya zauna a gida, Sidi yana cewa sai dai a ɗauke shi a makara. To, da Abba ya ji maganar Faisal sai ya juya wajen Umma ya ce da Larabci, ƙasa-ƙasa, "Kin gani? Ya fara." Kunnen Sidi kuwa garau yake.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya sa hannu a aljihu ya zaro mabuɗin shagonsa mai ɗaure da koren zare, ya ajiye shi a tsakiyar yadin, a gefen kogin ƙyalle. Ya ce, "In littafi ya ce na ƙirƙiro, to na ƙirƙiro. Ɗauki." Abba ya sunkuya ya ɗauka. Ya ce, "Baba, don lafiyarka ne." Ya ce Asabar ta sama zai samo mota a kwaso keken ɗinkin a mayar wa mai gida shagonsa. Ni na buɗe baki zan yi magana Umma ta zare mini ido. Haka muka tattara sojoji ba a ƙarasa yaƙin ba, shayi ya huce a kan tire.

Yau in na ba ƙawayena labarin sai su ce, to, ba wanda ya yi tunanin ko littattafan ne suka bambanta? Wallahi babu, har shi Sidin. Mu littattafan da muka tashi da su na karatun addini ne. Na Abba bugun Misra, na Umma bugun Beirut, na Sidi wanda mahaifinsa ya taho da shi daga Kano takardunsa sun yi ja, amma in an buɗe duk abu ɗaya suke faɗa, harafi bai sauya ba. A saninmu littafi in sunansa ɗaya, cikinsa ɗaya ne. Mutum ne yake mantuwa, takarda ba ta yi. Shi ya sa da littafi ya ƙaryata Sidi, ba wanda ya tuhumi littafin.

Asabar da Lahadi Sidi bai fito daga ɗaki ba sai don sallah. Mutumin da kullum kafin mu tafi makaranta ya riga ya yi wanka ya sa hula ya rataya tef a wuya, sai ga shi zaune a bakin gado yana kallon na'urar sanyaya ɗaki. Ranar Lahadi da na dawo makaranta na kai masa abinci, na zauna ina yi masa surutun malamar lissafinmu don ya yi dariya, bai yi ba. Can ya ce, "Uwata, faɗa mini gaskiya. Ko dai kan nawa ya fara tafiya ne ban sani ba?" Na ce masa a'a da ƙarfi, har sau uku. Amma da na fito na shiga banɗaki na yi kuka, saboda ni ma ban tabbata ba, kuma na ji haushin kaina da ban tabbata ba.

Ina cikin kukan ne na tuna da wani abu. Da Ƙaramar Sallah mun je gaida Hajiya Kulu, matar marigayi Malam Ɗahiru, wadda ta koma gidan ɗanta a Mansur bayan rusau. Na ga ta zaro katin asibitinta daga cikin wani siririn littafi mai hoton mutum da mashi. Sidi yana zaton littafin ya bi ɓaraguzan Tandabawi, kuma tun rasuwar amininsa ba ya iya dogon zama a gidan, daga bakin ƙofa yake gaisuwa ya juya. Na je na sa Umma a gaba. Ta ce ba ruwanta da rigimar maza da 'yan tsana. Na bi ta kicin, na bi ta wajen injin wanki, na wanke kwanukan da ba kwanana ba, har ta gaji ta ce, "Halas, gobe in kin dawo makaranta, dama ina son sayen daddawa." Ina jin ita ma zuciyarta ba ta kwanta da maganar mabuɗin ba, ba ta dai son ta saɓa wa Abba ne a fili.

Ranar Litinin muka shiga tasi zuwa Mansur. Ina son unguwar nan tun ina ƙarama, ƙamshin tsire da masa, mata suna ciniki rabi Hausa rabi Larabci, tsofaffi a bakin shaguna kowa ya san kakan kowa. Muka wuce ta gaban shagon Sidi a rufe, wani dattijo yana tsaye da leda a hannu yana leƙen kwaɗon, ya tambayi Umma ko lafiya, ta ce ɗan hutu yake yi. Hajiya Kulu ta karɓe mu da fura mai sanyi. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ta riƙe haɓa ta ce, "Yau ga ikon Allah, abin nan bai bar mu ba har yanzu?" Ta ce shekara talatin ba ta taɓa samun mijinta da yammacin Juma'a ba saboda sojojin nan. Ta zazzage littafin a kan cinyarta, katin asibiti da wasiƙun Kano da hoton jikoki suka zubo, ta miƙo mini. Siriri ne, takardarsa ta yi ruwan ƙasa, yana warin turaren marigayin. Ta ce in kula da shi, in kuma gaya wa Sidi ƙofar gidan ba ta cizo.

Na samu littafi, amma Turancina a lokacin bai wuce sunayen launuka da kwanakin mako ba, Faisal kuwa ba zan ba shi ba, ai shi ne abokin shari'a. Sai na haura hawa na uku wajen Malama Rabi. 'Yar Sakkwato ce, ita da mijinta sun zo karatu, tana aikin digirinta na biyu a kan wani tsohon littafi na rubutun hannu, kuma ta yi boko a gida, Turanci kamar ruwa. Na sato fotokwafin Faisal daga ƙarƙashin katifarsa na haɗa da na Hajiya Kulu na ajiye mata. Ba ta yi mini dariya ba, abin da ya sa nake ƙaunarta har gobe ke nan. Ta goge hannunta, ta buɗe tsohon, ba ta je babi na ɗaya ba, sai ta tsaya a bayan shafin farko inda aka yi wasu ƙananan rubutu. Ta ce wannan bugu na farko ne. Ta ɗauki na Faisal ta nemi irin shafin, babu. Ta duba ƙasan wani shafi, ta nuna mini wasu 'yan kalmomi da fotokwafi ya kusa cinyewa, ta ce an rubuta bugu na biyu, wanda aka yi wa gyara. Na ce, gyara kuma? Ana gyara littafi? Ta ce, "'Yar nan, ai irin wannan mutane ne suka zauna suka tsara shi, in sun ga dama gobe su sake."

Na miƙe zan sauka da gudu, ta riƙo gefen rigata. Ta ce bambancin bugu bai wanke Sidi ba, mai yiwuwa ne littattafan sun bambanta kuma shi ma ya manta. In ina son Abba ya yarda, sai mun yi abin da suke kira muƙabala a wajen aikinsu, wato a ajiye kwafi kusa da kwafi a bi su layi-layi, duk inda suka saɓa a tsaya a rubuta. Sannan ta ce kwafin namu ba biyu ba ne, uku ne, na ukun yana cikin kan Sidi. In je in zauna a gabansa ya karanto mini dokokin daga farko har ƙarshe, in rubuta yadda ya faɗa, kar in gyara masa, kar kuma in bari ya san tsohon littafin ya fito. Na ce in kuma aka tarar ya manta fa? Ta ce to sai mu san gaskiya, mu san yadda za mu kula da shi. Ban so amsar ba, amma na kasa musa ta.

Ranar Talata na yagi tsakiyar littafin lissafina na shiga ɗakin Sidi. Na ce ina son in koyi wasan ne don in rama masa a kan Faisal. Da farko ya ce me zan yi da dokokin mutumin da kansa ya tafi. Na ce in bai faɗa ba ba zan ƙara haɗa masa shayi ba, kuma ya san na Umma ba ya yin kauri. Ya harare ni, ya gyara zama, ya rufe ido. Da ya fara sai ya riƙa zubo su yana ɗan rangaji, irin na mai tilawa. Masu ƙafa inci huɗu a fili, biyu a tudu. Mahaya inci takwas, ba sa shiga kogi sai ta mashigi. Kibiya tana kai inci goma sha biyu. Da Hausa yake faɗa, ni kuma ban taɓa rubuta Hausa ba a rayuwata, a makaranta Larabci muke yi, a gida Hausar a baki kawai take. Sai na riƙa kama ta da haruffan Larabci yadda kunnena ya ji, ina gogewa ina sakewa, hannuna duk ya yi baƙi da fensir. Kafin kiran Magariba mun cika shafi tara, doka arba'in da ɗaya.

Laraba da Alhamis a falon Malama Rabi na yi su, daga dawowa makaranta har La'asar sakaliya, jaririnta yana jan gefen takardu muna ƙwacewa. Na ja layi biyu a kowane shafi ya zama gida uku, na Sidi, na tsoho, na sabo. In karanto ta Sidi, ita ta nemo ta a tsohon ta fassara, sannan ta nemo a sabon. Ba aiki ne mai sauƙi ba, don sabon ya sauya wa babi-babi wuri, abin da yake farko a can ya koma tsakiya a nan. Tsohon ba hoto sai zane biyu, maganarsa gajera, kamar mai rowar tawada. Sabon ya ninka shi kauri, ga hotuna ga jadawali, kuma gaskiya ya fi sauƙin ganewa, ba zan ƙi faɗa ba. Tsohon da inci yake awo, sabon da santimita, ashe fuskar tef ɗin Sidi biyu kowacce da littafinta. A tsohon kibiya tana da nisa, a sabon an rage mata. A sabon an ƙara wa giwa ƙarfi, wannan dai bai shafe mu ba. Duk dokar da na karanto ta Sidi, sai Malama Rabi ta ɗora yatsa a tsohon ta ce, "Ga ta." Tun ina ƙirga su a zuciya har na koma faɗa da ƙarfi.

Dokar mai tuta ita ce ta talatin da uku a jerin Sidi. Na karanto ta. Malama Rabi ta juya shafi, ta sake juyawa, ta koma baya, ba ta gan ta ba. Ashe shafuka biyu ne suka manne da wani tsohon ɗigon shayi. Ta sa wuƙar tebur ta raba su a hankali, sai ga ta a saman shafin, layi uku kacal, har da lambar shida. A gefenta kuma da rubutun ajami na Malam Ɗahiru an rubuta "mai tuta". A sabon kuwa muka samu wajen da masu littafin suka ce sun cire dawowar waɗanda suka gudu ne saboda tana jan wasa ya yi tsawo. Na yi ihu har jaririn ya fashe da kuka. Amma ba mu tashi ba sai da muka kai ta arba'in da ɗaya, kuma a hanya muka ci karo da guda ɗaya da ba ta cikin tsohon, ba ta cikin sabon. Na roƙi Malama Rabi mu goge ta. Ta ce ita ba ta yin haka a aikinta, kuma ni ma ba zan fara daga yau ba.

Ranar Juma'a bayan La'asar ba wanda ya yi niyyar hawa bene, ni na bi su ɗaya bayan ɗaya. Abba ya ce yana da waya da mai motar da zai kwaso keke gobe, na ce minti goma kawai. Na shimfiɗa yadin, amma maimakon sojoji sai na jera littattafai biyu da takarduna. Sidi na ganin tsohon littafin ya miƙo hannu, ya kai shi hancinsa. Na fara karantowa gida-gida, na sa Faisal ya riƙa duba Turancin da kansa don kar a ce na yi son kai. Ya fara da taurin kai, yana cewa sabo ai ya shafe tsoho. Na ce ba tambayar da ake yi ke nan ba, tambayar ita ce ko Sidi ya ƙirƙiro. Da muka zo ta talatin da uku ya karanta layukan nan uku sau biyu, ya matsa ya sumbaci kan Sidi ya ce ya yafe masa. Abba yana tsaye jikin tanki, ya karɓi takarduna yana bin Hausata ta ajami da ido, yana motsa leɓe.

Sai na ce saura guda ɗaya, wadda Sidi ya faɗa amma ba ta ko'ina. Na karanto ta: mai jajayen sojoji shi ke fara tafiya. Littattafan biyu duk cewa suka yi a ja ƙuri'a. Sidi ya kafa wa littafin da ke cinyarsa ido, ni kuma ina ganin na ɓata komai da hannuna. Can sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Dariya ce, irin wadda ban ji ba tun muna Tandabawi, har da hawaye yana sharewa da hular ƙwallon dabino. "Ɗahiru! Allah ya jiƙanka, ɗan banza! Ashe shekara talatin kana cin amanata!" Domin kuwa tun ranar farko Malam Ɗahiru ne mai ja, kuma shi ne mai fassara. Ni kuma na juya kan Faisal na tambaye shi, shi da ya karanta sabon littafi daga bango zuwa bango, me ya hana shi gyara wannan dokar makon jiya? Ya ce bai lura ba. Har Umma sai da ta ce masa ya ji tsoron Allah.

Abba bai yi dariyar da yawa ba. Ya zo ya durƙusa a gaban Sidi, ya zaro mabuɗin mai koren zare ya sa masa a tafin hannu ya naɗe yatsun a kai. Ya ce, "Baba, doka arba'in, ni ko lambar motata sai na duba. Tsoro ne ya sa ni, ka yi haƙuri." Sidi ya ce ya sani. Suka daidaita a kan cewa Abba zai riƙa sauke shi a bakin shago da safe, ba don kansa ya tafi ba, sai don hanyoyin ne suka tafi. Washegari motar kwasar keke ba ta zo ba. Dattijon nan mai leda ya samu aka rage masa tsawon rigarsa, ni kuma na mayar wa Hajiya Kulu littafinta, Sidi ya raka ni, ya shiga har falo ya sha fura.

Ya ƙara shekara huɗu a shagon, sannan wata rana da kansa ya miƙa wa Abba mabuɗin, ya ce ya daina ganin kafar allura. Yanzu saman benen nan ya cika da injinan sanyaya ɗaki, ba wajen shimfiɗa yadi. Faisal yana aiki a Riyad, yana buga yaƙinsa a kwamfuta da mutanen da bai taɓa gani ba, ya ce ma an fitar da bugu na uku. Malama Rabi ta koma Sakkwato tana koyarwa, ni kuma aikinta na bi, duk littafin da ya shigo hannuna bayan shafin farko nake fara dubawa. Ina kewar yammacin nan, inuwar tanki da ƙarar ƙwallon dabino a cikin hula. Sidi yana nan da ransa, alhamdu lillahi, sai dai mantuwar gaske ta iso daga baya. Wasu ranakun yana zaune a cikinmu amma ya yi nisa, ya dube ni ya tambayi 'yar wace ce. A irin ranakun nan Abba ba ya raɗa wa kowa komai. Kujera yake ja ya zauna, gwiwarsa kusa da gwiwar Sidi, ya yi ta jira. Sau da yawa kuwa Sidi yakan dawo, ya ɗago ya ce, "Uwata, ina shayina?" Na taɓa auna tsakanin gwiwoyin nan da ido, bai kai inci shida ba. A gidanmu har yau tsohon bugu muke bi.